Birin Mai Tangaran

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai shagon tangaran a bakin titi. Kantoci cike da faranti da kofuna da kwanuka masu murfi, ciniki yana tafiya. Amma bawan Allah bai gode ba. Sai ya sayo goggon biri a hannun wani mafarauci, ya cusa shi a keji a ƙofar shago don ya tara jama'a.

Ga wasan da ya koya masa: a jera kwanukan roba, a ɓoye ayaba a ɗaya. Biri ya ɗaga murfi, in babu komai ya yi jifa da kwanon, jama'a su fashe da dariya. Da mutumin ya lura in biri ya ƙoshi ba ya wasa, sai ya riƙa barinsa da yunwa. Subhanallahi! Dabbar da ba ta da bakin kai ƙara?

Jami'in kula da namun daji ya zo ya ce, "Malam, ina takardar izini? Ka ciyar da shi, ka kira likitan dabbobi, kuma sakatar nan ba ta isa ba, sa kwaɗo."

Ya ce, "Yallaɓai, birina ya fi wasu ma'aikata hankali."

Matarsa ma ta yi magana, ya ce ta ji da tukunyarta.

To, hankalin kuwa ya gani! Kullum biri yana kallon yadda ake zare sakata. Wata rana mutumin ya tsallaka titi aski, biri ya miƙa hannu ya zare, ya shige shago. Me ya gani? Kwanuka masu murfi har rufi! Ya ɗaga, babu ayaba, ya jefar. Ya ɗaga, ya jefar. Aikin da aka koya masa ya yi, bai tsallake kanta ko ɗaya ba.

Maigida ya rugo da rabin aski, ya tarar da dukiyarsa a ƙasa ratsa-ratsa. Hukuma ta rufe shagon, ta kai biri gidan namun daji. Can yana cin ayabarsa ba sai ya ɗaga murfi ba.

Ku yi dariya, ni ma na yi. Amma wanda ya tsare rai ya hana shi abinci, Allah zai tambaye shi. Dokar da ya raina, shi take karewa, ya 'yan uwa.

Allah ya kiyaye mu da zaluntar abin da ke hannunmu. Amin.