Ranar da Tunau Ya Yi Tsere da Dokinsa

Ladingo, ajiye tsintsiyar nan. Barau, Cindo, ku matso, gemu bai hana ku zama a tabarmata ba. Akwai maganar da nake so ku yanke mini, amma sai kun ji ta daga tushe.

Ga ta nan, na kwanto muku ita.

Ta iso, Inna, muna ji.

Wani mutum ne, sunansa Tunau, mai yankan ciyawa. Ba gona, ba garke. Lauje ɗaya, igiya ɗaya. A garin kuma akwai wani attajiri, Arzika, mai barga cike da dawaki. Cikin bargar akwai wata tsohuwar goɗiya, jinin Azbin, ido ɗaya, haƙarƙari a waje. Arzika ya gaji da ciyar da ita, sai ya ba Tunau kiwo. Kun dai san ƙa'idar kiwo: ɗan fari na mai dabba, na biyu na mai kiwo.

Tunau ya riƙe ta. Ya ba ta ciyawa, ya ba ta harawa, ya cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya. Ran nan da rana tsaka, lokacin da mutanen ɓoye ke yawo, yana yanka a fadama, sai ga guguwa. Ta zagaya Goɗiya sau ɗaya. Ta zagaya sau biyu. A na uku Tunau ya ji haniniyar ingarma cikin iskar, amma ko kofato bai gani ba. Guguwa ta wuce. Goɗiya ta ce masa ya riƙe bakinsa, ya ƙara mata harawa.

Wata goma sha ɗaya ta haihu. Ɗan duƙushi siriri, ƙafafu kamar karan dawa, in ya tashi sai ya faɗi. Tunau ya je ya kira mai dabba, kamar yadda ake yi. Arzika ya zo, ya duba, ya tofar da yawu.

"Wannan tsinken ne ɗan farina? Riƙe abinka, mai ciyawa. Na bar maka shi, na biyun nawa ne."

Daga su biyu sai Goɗiya. Tunau bai kira maƙwabci ba, bai kira mai unguwa ba. Murna ta rufe masa ido. Musaya kuwa a harkar kiwo, ba a yin ta sai da shaidu. Ku riƙe wannan.

Suna ya bi duƙushi: Tsinke. Tunau ya riƙa ɗaukar sa a kafaɗa zuwa rafi. Ya jiƙa masa dusa. Da ya yi ƙwari, kullum da safe ya kai shi kilisa a kan yashi. Ba sirdi sai tsumma, ba ƙaimi, ba bulala. In yana so ya sheƙa, sai ya sunkuya a kunnensa ya rera masa:

Tsinke, Tsinke, ɗan guguwa,
Taka kaɗan, ƙasa ta huta.

Shekara uku suka cika. Sukuwa ta farko, ranar kasuwa aka yi ta. Tsinke ya dawo, ya huce, ya fara tsinkar ciyawa kafin na biyu ya iso. Sukuwa ta biyu, bayan girbi, garuruwa bakwai suka kawo dawakinsu, har da baƙin ingarman Arzika da ba a taɓa wucewa ba. Tsinke ya wuce shi kamar yana ɗaure a turke. Kowa na tafi. Arzika bai yi tafi ba. Ƙafafun nan da ya tofa wa yawu yake kallo.

Washegari dogari ya zo, ana neman Tunau a fada. Arzika ya ce doki ɗan fari ne, ɗan fari kuwa na mai dabba ne. Ya rantse ba a taɓa yin wata musaya ba. Tunau ya faɗi yadda aka yi. Sarki ya nemi shaida, Tunau ya ce sai Goɗiya. Aka kawo ta, ta faɗi gaskiya tiryan-tiryan. Sarki ya ce ba a karɓar shaidar wadda ke ci a hannun mutum. Shi kuwa Sarkin, ragon Arzika a gidansa ya kwana. Sai dai fada ta cika, jama'a na gunaguni, ba dama ya ƙwace doki haka kawai. Ya shafa gemu.

"To, ƙafa ta raba ku. Nan da kwana uku Arzika ya hau Tsinke, Tunau ya hau uwar. Daga kukar ƙofar gari, a tsallake rafi, a zagaya dutse, a dawo. Mutumin da ya riga dafa kukar nan da hannunsa, doki nasa ne."

Tsohuwa mai ido ɗaya, da dokin da ba a taɓa ganin komai nasa ba sai wutsiya.

Aka kwance Tsinke za a kai shi bargar Arzika. Tunau ya bi shi, ya roƙe shi a kunne ya rage gudu ran nan. Tsinke ya sunkuyar da kai.

"Baba, ba zan iya ba. In na ga hanya a gabana, jinin ubana ke tashi. Ba na sanin uwa, ba na sanin ubangida."

Tunau ya koma gida, ya zauna gaban turken da ba kowa. Goɗiya ta gaya masa abin da ya ƙara karya masa gwiwa: guguwa ta sake zuwa, ciki gare ta wata biyar, ba ta da gudu a jikinta sai guda ɗaya, shi ma gajere. Sannan ta ce ya tashi ya je ya gaya wa Arzika gaskiyar yadda ake riƙe Tsinke. Tunau ya ce wato ya taimaki mai ƙwace masa doki?

"Mutumin da ya rantse a kan ƙarya," in ji ta, "ka miƙa masa gaskiya ka ga abin da zai yi da ita. Je ka."

Rana ta farko Tunau ya durƙusa a ƙofar Arzika. Ya ce, "Maigida, don Allah kada ka ɗora masa sirdi mai nauyi, bai saba ba." Arzika ya yi dariya, ya ce wato so yake ya hau tsumma ya faɗo a gaban jama'a. Ya sa aka fito da babban sirdinsa, mai likkafar tagulla da shimfiɗa uku.

Rana ta biyu Tunau ya dawo. Ya ce, "Maigida, kada ka taɓa shi da ƙaimi, bai san shi ba." Arzika ya ce wato so yake doki ya yi masa nawa. Ya aika maƙera aka wasa masa sabo.

Rana ta uku Tunau ya dawo. Ya ce, "Maigida, kada ka ba shi kanwa gabanin tsere." Arzika ya ce duk bargar manya da kanwa ake riƙe doki, matsiyaci ne kawai ba ya iya saye. Ya daka ta cike da ƙwarya, ya zuba a dusa. Tsinke kuwa, da bai taɓa samun fiye da lasa ba, ya suɗe ƙwaryar tas.

Gari ya waye. Hantsi ya yi, rana ta fara cizo. Aka buga ganga.

Kafin Goɗiya ta ɗaga ƙafa uku, Tsinke ya zama ɗigo. Tunau na bisa tsumma, idonsa na kan rafi. Ya san aikin kanwa: ƙishirwa. Tsinke ya isa bakin ruwa. Sai ya tsallake, ko sunsuna ruwan bai yi ba.

Tunau ya ce, "Shi ke nan, ya tafi."

Goɗiya ta ce ya yi shiru ya zauna daidai, ɗanta ne, ta san cikinsa.

Suna tsallake rafi, Tsinke ya zagayo dutse, ya wuce su a guje, kumfa na zuba, sirdi na dukan bayansa. Arzika ya ɗaga wa Tunau hannu, ya ce ya gaishe da tsohuwa. Suka ci gaba. Kaf, kaf, kaf. Suka zagaya dutse. Kaf, kaf, kaf. Tunau ba ya son ya duba, ya duba.

Ga Tsinke tsaye tsakiyar rafi, bakinsa cikin ruwa.

Arzika ya ja linzami, doki na sha. Ya yi tsawa, doki na sha. Ya waiwaya, ya ga ido ɗaya na tahowa. Sai ya soka masa ƙaimi. Tsinke ya tashi tsaye kan ƙafa biyu, ya murɗa, Arzika ya faɗa ruwa, rawani gabas, takalmi yamma.

Goɗiya ta ce, "Yanzu. Riƙe gezata."

Ta saki gudun nan guda ɗaya da ta ajiye. Ta keta ruwa, ta hau gangare. Numfashinta kamar zugazugi. Ga kuka can. Sai Tunau ya ji ƙasa na rawa a bayansa. Tsinke ya ƙoshi, ya ga hanya a gabansa. Ya zo, ya wuce uwarsa, ya wuce ubangidansa, ya isa kuka shi kaɗai, likkafu na lilo, ba kowa a sirdi. Goɗiya ta iso tana tangaɗi. Tunau ya miƙa hannu ya dafa kuka.

Sarki ya dubi jama'a, ya ce doki na Tunau ne. Maganarsa ce, kowa ya ji ta. Can sai ga Arzika a ƙasa, yana ɗiga.

Tsinke ya koma turkensa. Shekara bakwai ya ƙara yana sukuwa, ba a taɓa shan gabansa ba. Daga nesa ake kawo masa goɗiyoyi, kuma duk ɗan da ya bari da siraran ƙafafu ake haihuwarsa. Tun daga nan ba wanda ya sake tofa wa siririn duƙushi yawu.

Amma ku tsaya. Wata shida bayan tseren Goɗiya ta haihu. Mace, siririya, in ta tashi sai ta faɗi. Sai ga Arzika da ragama a hannu.

"Na zo ɗaukar na biyuna, Tunau. Ka tuna musayarmu."

"Wace musaya, Maigida? Wadda ka rantse a gaban Sarki ba a yi ba?"

Suka juya ga Goɗiya. Ta ce ta ba da shaida sau ɗaya an mayar mata, ba ta ƙarawa. Ta ci gaba da lasar 'yarta.

Nan na datse ta, na ɗora a kan ɗan ɓera ya gudu da ita rami. Abin ɗauka a fili yake: maƙaryaci, ranar da aka gaya masa gaskiya, ita ke kayar da shi. Kuma kada murna ta hana ku kiran shaida.

Saura 'yar duƙushiyar. Tunau ya san an yi musaya, a kanta ya tsaya a fada. Arzika ya rantse ba a yi ba. Barau, kai ne babba, fara. Ladingo, bar dariya, ke ma za ki faɗa. Ba mai tashi daga tabarmar nan sai kun gaya mini turken da za a ɗaure ta.