Karsanar Hansatu da Jirgin Ƙungiya

Ku gyara zama ku saurara da kyau, don idan na kai ƙarshe ku ne za ku yi alƙalanci.

A Tudun Bado akwai wata mata mai sayar da kifi, sunanta Hansatu. Mace ce mai son sanin yadda abu yake. Tun da ƙungiyar manoman shinkafa ta sayi jirgi mara matuƙi don duba gonaki da gano inda tsuntsayen jan-baki suke sauka, takan tsaya a bakin fadama ta ɗaga kai tana kallonsa, tana tambayar kanta: shin iskar da ke saman gidan mutum tasa ce, ko ta gwamnati, ko ta duk wanda ya iya tashi?

Wata Laraba cikin damina, mahaifinta Baba Tanimu ya hau babban goransa na shiga ruwa da sassafe ya tafi duba tarkon kifi a fadamar yamma. Hantsi ya yi, azahar ta gabato, bai dawo ba. Masunta suka shiga da kwale-kwale, amma ciyawar kachala ta fi tsayin mutum, ba ka ganin abin da ya wuce bakin sandar tuƙinka. Suka yi ta kira, shiru. Hansatu ta tsaya gaban jama'a a ƙofar dagaci ta ce, "Ku shaida. Duk wanda ya yi sanadin ganin Baba da rai, karsanata tasa ce." Ita ke nan gare ta, kowa ya sani.

Sagiru, wanda ke tuƙa jirgin ƙungiya, ya riga ya buɗe akwatinsa. Sai sakatariyar ƙungiyar, Malama Kubura, ta ɗora hannu a kan murfin. Ita ce ta yi wata bakwai tana zirga-zirga birni har aka yi wa jirgin rajista aka ba su takardar izini, kuma ta haddace abin da ke cikinta. Ta ce izinin na gonakin gabas ne kawai. Fadamar yamma tana jikin dam, inda sojoji ke gadi, kuma duk abin da ya tashi a wurin ba da saninsu ba sai su kakkaɓo shi.

"Malama, mutum ne fa a ruwa," in ji Sagiru.

"Na sani. In suka harbo shi a minti na uku, da me za ka neme shi?"

Ta koma gefe da waya. Ta kira ofishin da ya ba su izini, aka ce ta kira wani, wanin ya ce yana taro. Hansatu tana tsaye tana jin kamar ta fizge wayar. Sai bayan awa guda da rabi babban sojan dam ya amince, bisa sharaɗi: kada jirgin ya wuce mita ɗari da ashirin a sama, kada ya doshi bangon dam, kuma in an saɓa, ita Kubura za a zo a tafi da ita. Ta karanta masa sunanta da lambar katinta.

To, ga wata kuma. Ruwa ya cinye yammacin gari, wurin tashi ɗaya ne ya rage, filin makaranta, kuma daga can sai jirgin ya bi ta saman gidajen Unguwar Masunta. Bara wani mai hoton biki ya yi haka, ya ɗauko matan unguwar a tsakar gidajensu, wata tana wanka a bayan zana. Tun daga ranar, duk abin da ya yi ƙugi a saman unguwar sai ya sha duwatsun danƙo. Takardar birni ba ta san da wannan ba, kuma ba wanda ya isa ya karanta wa mutanen unguwar ita.

Nan ne tsohon magini, Baba Nomau, ya miƙe. Shekara arba'in ya yi yana hawa soraye yana yaɓe, bai taɓa ɗora tsani ba sai ya yi sallama a gidajen maƙwabta ya ce za a hau, don mata su kimtsa. Ya ce, "Wannan abin naku ai hawa zai yi. Wanda zai hau kuwa sallama yake yi." Ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, guda ashirin da uku, yana dogara sanda. "Salamu alaikum, za a hau, a kimtsa." A gidan mijin matar da aka ɗauka bara, maigidan ya fito ya ce ko wa ya ɓata bai yarda ba. Baba Nomau ya cire hularsa ya ajiye a gabansa. Ya ce shi zai tsaya a bayan mai tuƙin, idon jirgin zai kalli sama har ya wuce gida na ƙarshe, in aka ga ko gefen zanin wata to kada a ƙara kiransa dattijo a garin nan. Mutumin ya daɗe yana kallon hular, sannan ya ce wa samarin unguwa su ajiye danƙo.

La'asar ta kusa lokacin da jirgin ya tashi. Hansatu ta leƙa allon da ke hannun Sagiru, ta ga gizagizai zalla, sai da aka wuce unguwar ya juya idon ƙasa. Karon farko ke nan da ta ga fadamar da aka haife ta a bakinta daga sama, kore shar kamar an shimfiɗa tabarma, ko'ina iri ɗaya. Batir biyu gare su, kowanne minti ashirin da 'yan kai. Na farko ya ƙare ba a ga komai ba. A na biyu iska ta taso. Sagiru ya daina bin hanyoyin ruwa, ya koma bin balbelu, ya ce tsuntsu ba ya sauka kusa da mutum. Can ya ga wani wuri da suke kewayewa. Ya sauko kaɗan. Ga Baba Tanimu rungume da kututturen wani mataccen itace, ruwa har ƙirji, fasasshen goransa yana yawo a gefe.

Saura a nuna wa masunta wurin, su kuwa ba su da alamar da za su bi a cikin kachala. Batir ya nuna ja. In Sagiru ya juyo da jirgin yanzu zai iso gida lafiya, kuma da shi yake ci da iyalinsa. Bai juyo ba. Ya tsayar da shi cak a saman tsohon, masunta suna ɗaga kai suna sara ciyawa suna dosarsa, har ƙuginsa ya ɗauke ya faɗa ruwa. A lokacin kwale-kwalen farko ya kai inda ake jin tarin tsohon. Jirgin kuwa har yau ba a gan shi ba.

Da aka kawo Baba Tanimu aka lulluɓe shi, aka ba shi kunu, ya ce, "Ni da na ga abu ya tsaya a kaina, na ɗauka ungulu ce ta gaji da jira."

Washegari Hansatu ta jawo karsana zuwa ƙofar dagaci. Malama Kubura tana zaune tana rubuta wa hukuma rahoton faɗuwar jirgi, kamar yadda doka ta ce. Baba Nomau ya mayar da hularsa ka. Sagiru yana riƙe da akwatin da ba komai a ciki. Hansatu ta dube su. Ba don Kubura ba da an harbo jirgin, ko da yake jiranta ya ƙara wa tsoho awa guda da rabi a ruwa. Ba don Baba Nomau ba da jirgin bai wuce gida na uku ba, ko da yake shi bai san maɓalli ɗaya a jikinsa ba. Ba don Sagiru ba da an tashi an sauka a banza, ko da yake da an bi ta tasa tun farko da ba a kai ko'ina ba. Ba wanda ya miƙo hannu a cikinsu, alkawari kuma na mutum ɗaya ne, a gaban shaidu.

Har yanzu igiyar tana hannun Hansatu. To, ku faɗa mini: a hannun wa ya kamata ta sa ta?