Kurege da Hatimin Garin Tsaunin Gawo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ko ma huta.

To, ku matso, muryata ba ta kai ta da ba. A wani ɗan gari da ake kira Tsaunin Gawo, Kura ce shugabar ƙaramar hukuma. Ba rijiya, ba hanya, amma sanarwa kam sai wadda ka manta. Jaki ne mai shela. Kullum yana zagaye gari, muryarsa ta dishe, kofatonsa ya cinye.

"A saurara! Hukuma na sanar da jama'a cewa gobe za a yi sanarwa!"

Ba mai ko ɗaga kai. Kowa ya gaji.

Dokar garin ɗaya ce: magana ba ta zama magana sai an buga mata hatimi, kuma duk abin da hatimi ya hau ya zama kayan hukuma. Mai riƙe da hatimin kuwa Kurege ne.

Rannan Kurege ya dubi hatimi, ya dubi cikinsa, ya ce, "Wannan abu takarda kaɗai yake hawa?"

Ya shiga kasuwa. Ya ga buhun gyaɗar Tunkiya, ya buga, tim! "Kayan hukuma." Ya ga ƙwaryar furar Akuya, tim! "Kayan hukuma."

Akuya ta ce, "Haba Malam Kurege, har da ludayin?"

Ya ce, "Ashe na manta." Tim!

Akuya ba ta da ƙarfin gardama. Ta kaɗe zaninta ta tafi gida.

Kurege ya kwashe kaya ya kai ofis. Ya ci, ya ci, ya ƙara ci. Rana ta take, ciki ya yi nauyi. Ya jefa hatimi kan kujera, fuskarsa sama, tawada ko bushewa ba ta yi ba. Ya yi miƙa, ya yi hamma, ya zauna. Tim!

Sai ga Kura ta shigo, yunwa na cin ta, don ita ma ta saba lasar kayan hukuma, yau kuwa ta tarar da ɓawon gyaɗa kawai. Kurege ya zabura zai gaishe ta, ya juya neman hularsa. Kura ta ga zanen hatimi raɗau a gindinsa.

Ta lashe baki ta ce, "Ikon Allah. Kayan hukuma."

Kurege ya ja da baya. Ya dubi ƙofa, Kura ta cika ta.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, gaskiya ne. Amma kaya mai rai ba a cin sa sai an yi sanarwa."

"A kira Jaki!"

"Sanarwa kuma sai da hatimi."

"To, buga!"

"Ni? Ranki ya daɗe, ai ni yanzu kaya ne. Kaya ba ya buga hatimi, shi ake bugawa."

Kura ta sosa kai. "To, na cire ka daga kaya. Buga."

"Madalla. Sai dai cirewar ma sai an yi sanarwa."

"Sanarwar kuma..."

"Sai da hatimi, ranki ya daɗe."

Suka zagayo, suka sake zagayowa. Kura ta yi tsaye, ta zauna, ta kishingiɗa. Ta ce, "Wallahi na gaji. Wane la'ananne ya kafa wannan doka?"

Jaki daga waje ya ce, "Ke ce, ranki ya daɗe. Ni na yi shelarta."

Kura ta rufe ido don ta yi tunani, tunani ya zama minshari. Kurege ya tsallake ƙafarta, ya ɗaga wutsiya ya rufe gindinsa, ya faɗa daji.

Ya tsira, amma tawadar hukuma ba ta fita. Ya wanke da toka, ya goga da dutse, tana nan. Kasuwa ta haramta gare shi. Shi ya sa har gobe in ya hango mutum sai ya miƙe tsaye, ya fuskance shi, ba ya yarda a ga bayansa.

Hatimi kuwa yana kan kujera, ba mai ikon bugawa. Gari ya yi tsit. Jaki ya kwanta gindin gawo, ya yi barcin da bai taɓa yi ba.

Ƙurunƙus! Wanda duk aka ba shi hatimi, ya ci abin da zai ci, amma ya duba kujera kafin ya zauna.