Kwalbar Bitamin a Kwanon Dambu

Ku matso, mata, ku rage murya. Ni kaina gabana faɗuwa yake in na tuna shekaruna sun kusa kaiwa nan. Labarin Inna Delu ne, matar Malam Sallau mai ɗinkin hula a Gumel.

Shekararsu talatin da biyu da aure, ba a taɓa jin kansu ba. Da jinin al'ada ya ɗauke mata, sai ni'ima ta bi shi. Gabanta ya bushe, yana mata raɗaɗi, kuma kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Ta shiga guje wa Malam, yau ciwon kai, gobe azumin nafila. Shi kuwa ya ɗauka ta gaji da shi ne. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin zaure, gaisuwarsu ta zama irin ta maƙwabta.

Mutum uku ne suka taimaki Delu. Ta farko Lantana ce, aminiyarta tun suna 'yan mata. Suna tsinkar zogale ta ga Delu sai gyara zama take.

"Ke Delu, kujerar ce ke cizo?"

"Tsufa ne."

"Na riga ki tsufa, ban koma azumin Talata da Laraba ba."

Ba ta tashi ba sai da Delu ta faɗa mata, kanta a sunkuye. Gaskiya Lantana ta yi kuskure: ta karɓo mata haɗin matsi wajen masu kayan mata, raɗaɗin ya ƙaru. Amma da ta ga haka ba ta ɓoye ba. Ta taka har gidan Ramlatu, 'yar farin Delu, ta gaya mata.

Ta biyu Ramlatun ce. Kun san 'yar fari, ko sunanta Delu ba ta ambata, balle wannan zance. Ramlatu ta tambayi wata mai kemis, aka ce mata wasu na jin dama da bitamin. Ta saya. To ta yaya za ta miƙa? Sai ta tusa kwalbar cikin kwanon dambu, ta rufe da faifai, ta kai. Tana kallon bango ta ce, "Inna, akwai saƙo a ƙasa. Ɗaya kullum, bayan abinci. A bar na Baba Lantana."

Delu ta ce wa bangon, "Allah ya yi albarka." Ta sha, ta ɗan ji sauƙi, amma ba ta warke ba.

Na uku Malam ne. Ya shiga ɗaki neman almakashi, ya ga kwalbar a bayan kwanuka. Bai iya boko ba, zuciyarsa ta ba shi cewa wani mugun ciwo Delu take ɓoye masa. Bai yi faɗa ba. Ya tada babur ya ce, "Ɗauko mayafinki." A asibiti ya dage sai likita mace, shi ya zauna a gindin darbejiya. Likita ta ce wa Delu wannan abu na samun mata da yawa, bitamin taimako ne, ba kowa yake isa ba. Ta rubuta mata man shafawa, ta hana ta matsi.

A hanyar dawowa, da yake Malam ba ya ganin fuskarta, Delu ta faɗa masa komai ta bayan kunne.

Ya rage gudu. "Ashe ba ni ba ne?"

"Kai ɗin me? Duba hanya, Malam."

Yanzu ɗakin zaure ya koma wajen ɗinki kawai, alhamdu lillahi. Delu ta sa an yanka zakara, ta tara su ukun. Da Lantana ba ta matsa ba, babu wanda zai sani. Da Ramlatu ba ta kawo kwalbar ba, me Malam zai gani? Shi kuma da bai tada babur ba, da har yau dambu ake aikowa.

Ƙundu dai guda ne a jikin zakara. To, ku gaya mini, a kwanon wa za ta sa shi?