Ƙofar da Mai Sifika Ya Ƙi Buɗewa

Ya 'yan uwa, maganarmu ta yau a kan cutar da maƙwabci ce, da taurin kan da ke ɗaure mata gindi.

An yi wani mutum a nan Minna, can wajen tsohuwar tashar jirgi, mai sayar da kayan wuta. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, ya rasu ya bar masa gida da sifikoki na zamanin da: akwatunan katako biyu masu tsayi har ƙugu, da na ukunsu, babba, mai fitar da gurnanin nan da ake ji a ƙirji, wanda yaran yanzu ke cewa wufa. Tare aka ƙera su, babu mai daɗi sai da 'yan uwansa. Masu kuɗi sun taya, ya ce ko saninsu ba su yi ba.

Son abin gado ba laifi ba ne. Laifin, ya jingina babban akwatin da katangar da ta raba shi da Buba mai sayar da awaki, wai a nan ya fi gurnani. A bayan katangar kuwa Hajjo ce kwance, mahaifiyar Buba, hawan jini ya kayar da ita. In ya kunna, har kwanukan ɗakinta rawa suke.

Buba ya yi sallama, ya roƙe shi ya matsar da akwatin, ko ya rage. Sai ya ce, "Maƙwabci, ubana ya ji kiɗa da akwatin nan tun kuna rugga. Wanda kunnensa bai ɗauka ba, ga hanyar Paiko nan."

Dattawa suka je, ya ce gidansa ne. Liman ya aika, ya ce ai yana kashewa lokacin salla, me kuma ake nema? Daga nan ya yi wa kansa doka: duk wanda ya buga masa ƙofa yana jin kiɗa, ƙara murya zai yi. Buba ya ɗauki tsohuwarsa ya kai ta Garatu wajen dangi. Mutumin ya ce ya huta.

Ganga in ta cika zaƙi, ai kun san inda ta nufa.

Wata rana bayan azahar, ba wuta, iyalinsa sun tafi suna. Ya tayar da janareta a ɗakin da yake tara kayan shago, kusa da jarkar fetur. Ya sa wa ƙofar gida sakata, ya shige falo ya kunna kiɗa, ya rufe tagogi don kada sauti ya zube. Gobara ta tashi a ɗakin kayan.

Maƙwabta suka ga hayaƙi, suka yi ta dukan ƙofa. Ya ji bugun. Me kuke zato ya yi? Ya miƙa hannu ya ƙara. Suka ƙwala masa kira, ya sake ƙarawa, yana murmushi, wai yau sai sun gaji.

Buban nan dai shi ya ɗauko gatari ya fasa ƙofa, yana jawo shi waje, mutumin yana ta fizga zai koma ya ɗauko akwati. Kafin su fita, rufin ya faɗo, katako ya sami mutumin a gefen kai.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ya 'yan uwa, wanda ka toshe wa kunne yau, shi zai zo maka da gargaɗi gobe. Allah ya kiyaye mu da zama annoba ga wanda muka haɗa katanga.

Mutumin yana nan da rai, yana kwana a shagon ƙaninsa. Ɗaki huɗu sun zama toka. Jarinsa ya ƙone ƙurmus. Akwatuna uku, ko ƙusa ba a tsinta ba. Kunnen hagu ya mutu, na dama sai an ɗaga murya.