Tukunyar da Inna Cima Ta Kifa

An yi wata mata, wata baiwar Allah, a wani gari can arewa inda gonaki suka ƙare, rairayi ya fara. Ba zan kama sunan garin ba. Ku dai ku saurara, 'yan uwana mata. Ke mai jan mayafi can baya, ajiye wayar nan a cinya, ba za ta gudu ba.

Sunanta Cima, amma yaro da babba Inna Cima suke ce mata. Ba ta yi boko ba, allon ma iyakarta abin da za ta yi salla da shi. Mijinta ya rasu bayan doguwar jinyar tari, 'ya'ya biyun da ta haifa Allah ya karɓi abinsa tun suna goye. In kin cire tabarma da buta, abin da ta mallaka a duniya tukunya ce guda ɗaya. Amma fa tukunya! Sai mata huɗu sun kama kafin ta hau murhu, buhun shinkafa guda take cinyewa ba ta ko tumbatsa ba.

Ina ta samo ta? A bayan garin akwai wani ƙaton rami inda wani kamfanin baƙi yake haƙo dutsen nan da ake kira yuraniyom. Mijinta a can ya yi leburanci. Tsofaffin ƙarafan kamfanin kuwa sukan ɓullo kasuwa, maƙera su saya su yi ƙofofi da kasake da tukwane. Mijin nata ne ya sa aka yanko masa gindin wani tanki, aka yi masa hannuwa, ya kawo mata. Ya ce, "Cima, ba ni da gonar da zan bar miki. Ga wannan, ki ci abinci da ita."

Ta kuwa ci. Ba a suna a garin, ba a biki, sai da tukunyar Inna Cima da Inna Cima a gindinta. Ba ta yanka wa kowa farashi. A ɗebar mata tsaba, a ba ta kan rago, mai hali ya ƙara da turmin zane. Da haka take rufa wa kanta asiri.

Ku riƙe wani abu guda a ranku, don zai dawo. Mutanen garin nan suna da al'ada: in aka yi rasuwa a gida, sai a kifa tukunya a ƙofar gidan. Duk wanda ya gan ta a kife ya san ba a hura wuta a nan, maƙwabta ne za su kawo abinci. Kuma ba a ɗaga murya a gaban kifaffiyar tukunya, ba a faɗa, ba a wucewa da wuta. Kun riƙe? To.

Wata ranar Laraba da hantsi sai ga Barira, wata 'yar garin da ta yi karatun aikin lafiya a birni. Ta dawo da wata 'yar na'ura kamar rediyo, wadda in aka kusanta ta da abin da ke ɗauke da gubar wannan dutse sai ta yi ta ƙara. Gaisuwa kawai ta shigo yi, don Inna Cima ƙawar mahaifiyarta ce. Tana wucewa ta jikin tukunyar, na'urar ta fara kuka a cikin jaka. Ta fito da ita, ta kara a gindin tukunyar, kukan ya ƙaru kamar ana soya gyaɗa. Barira ta zauna a ƙasa daɓas.

Inna Cima ta ce, "Lafiya, ɗiyata? Ko rediyon naki ne ya lalace?"

Ta ce, "Inna, da ma shi ne ya lalace. Tankin da aka yanko tukunyar nan, a cikinsa ake jiƙa dutsen. Gubar ta kama jikin ƙarfen, wanki ba ya fitar da ita, wuta ba ta kashe ta. Ba yau take illa ba, ba gobe ba, a hankali take bin jiki. Ba zan ce miki ita ta kwantar da wane ko wance ba, ban sani ba. Amma kada a sake ci a cikinta."

Tsohuwa ta dubi tukunyar. Can ta ce, "Wai shi wannan dutsen, me suke yi da shi ne?"

Barira ta ce ana yin wutar lantarki da shi, ana kuma yin makamin ƙare-dangi, wanda guda ɗaya kan ƙone birni da mutanensa kafin a ƙifta ido. Ta ce a wasu ƙasashe masu nisa akwai mata da kan je su zauna a ƙofar inda ake ajiye makaman, ba sanda, ba wuƙa, su ce ba su yarda ba.

Inna Cima ta ce, "Ashe dutsen namu bai bar na nesa ba, bai bar na kusa ba."

To ku saurara, ga jarrabawar. Jibi Juma'a akwai suna a gidan wani mutum, Illa, matarsa ta haifi ɗan fari bayan shekara bakwai ana jira. An gayyato dangi daga ƙauyuka, an sayo shinkafa, an ɗaure rago. Kuma ba wanda ya ji kukan na'urar nan sai su biyu da Allah.

Barira ba ta iya riƙe bakinta ba, ta je kasuwa tana gwada ƙarafa. Kafin la'asar sai ga Tanko mai sayen tsofaffin ƙarafa ya yi sallama a ƙofar Inna Cima. Mutum ne mai zaƙin baki. Ya ce, "Inna, na ji abin da ya faru, kuma na zo in fitar da ke kunya. Gobe motata za ta kudu. Ki ba ni wannan, in kawo miki sabuwa dal ta alminiyom. Ki yi girkinki ran Juma'a, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

Wallahi, 'yan uwa, da ni ce a lokacin, da na ce Allah ya yi maka albarka. Kada ku dube ni haka, ku ma da yawanku da kun faɗa.

Ita kuwa cewa ta yi, "In ka kai ta kudun, me za a yi da ita?"

Ya ce, "Girki mana."

Ta ce, "A can ɗin ba mutane ne ke ci ba? Ba su da masu jego? Tanko, je ka, na gode. Abin da na ƙi wa 'ya'yan garinmu ba zan aika wa 'ya'yan wasu ba."

Ranar Alhamis ta yafa zanenta ta tafi gidan Illa da ƙafarta. Ta tarar da mai jego a ɗaki da mata cike, ta durƙusa, ita da ta haife su duka, ta faɗi gaskiya ba ta rage komai ba. Ta ce tukunyar tana da guba, ba za ta sake hawa wuta ba, kuma duk wanda ya taɓa ci a cikinta ya yafe mata, ba ta sani ba.

Mai jegon nan yarinya ce mai zafin kai. Ba ta ji maganar guba ba, kunyar baƙinta kawai ta hango. Ta ce, "Sai yau, Inna? Sai da aka zo kaina? Shekara nawa kina ciyar da gari ba wanda ya mutu, sai sunan ɗana ne tukunya za ta yi guba? In baƙin ciki kike don ke ba ki da na raye, ki faɗa!"

Haka ta ce mata. A gaban mutane.

Inna Cima ta miƙe. Ta share ido da bakin zane ta ce, "Allah ya raya, ɗiyata," ta fita. A hanya wasu na cewa ta ruɗe, wasu na cewa ashe ita ke kashe mu tun tuni.

Kun san abin da ta yi? Gida-gida ta bi tana aron tukwanen ƙasa, na miya da na tuwo, har ta tara wajen talatin. Da asubar Juma'a ta jera murahu a bayan katangar gidan Illa, ba ta shiga ba, ta dafa shinkafar sunan nan kaf. Wata ta kama, wata ta caɓe, amma ba baƙon da ya tafi da yunwa. Ko loma ba ta ci ba ta koma gida.

Ranar Asabar da safe mutane suka ji wata irin ƙara a titi. Inna Cima ce ta kwantar da tukunyar a gefenta tana mirgina ta, ta tura ta huta, ta tura ta huta, har ƙofar kamfanin. Da ta isa sai ta kifa ta a tsakiyar hanya, ta ja baya, ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Mai gadi ya ce, "Iya, wa ya rasu?" Ta ce, "Shi na zo tambaya. Ku ne kuka san adadinsu."

Mata suka ji labari. Aka yi ta kai wa Barira kasake da tukwane da ludaya tana gwadawa, duk wanda na'ura ta yi wa kuka a ɗauka a kai ƙofar kamfani a kifa. Kafin kwana biyu hanya ta cika, mata sun fi ɗari zaune a bayan kayansu. Mai jegon nan ma, kaskon da ake dama mata kunun kanwa a ciki, da aka gwada shi sai da ya yi kuka. A ranar ta gane gaskiya Inna Cima ta faɗa.

Sai kuma maza suka tashi. Ku kun san maza in ransu ya ɓaci, ba sa tambayar hanya. Illa ne a gaba, da sanduna da galan na fetur, sun rantse sai sun ƙone wurin. Masu gadi kuma suka fito da bindigogi suka jeru. Tsakanin waɗannan da waɗancan ba komai sai tukwane da mata.

Inna Cima ta miƙe, 'yar ƙanƙanuwa da ita. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Illa, dubi ƙasa. Me ka gani?"

Ya ce, "Tukwane, Inna."

"A yaya suke?"

Ya ce, "A kife."

Ta ce, "To wa ya koya maka wucewa da wuta a gabansu? Mu zaman makoki muke yi. Waɗancan masu bindigar ma 'ya'yan wasu ne, wataƙila a irin tukunyar nan suka ci. Mun zo ne don a daina mutuwa, kai kuma ka zo ka ƙara mana gawa? In za ka zauna, ga wuri. In ba za ka zauna ba, koma ka ɗauki ɗanka."

Na rantse muku, ƙaton nan ya ajiye galan ɗin, ya cire takalmi, ya zauna a rana. Sauran suka bi shi. Masu gadi suka sauke bindigoginsu, ɗaya ma har ya kawo wa tsofaffi ruwa.

A kwana na tara manajan kamfanin ya fito da tafinta, ya ce wace ce shugaba. Aka nuna Inna Cima, ta ce ita mai girki ce. Ta ce a kwashe ƙarafan nan daga kasuwa da gidaje a rufe su inda ba mai taɓawa, a kuma auna ruwan rijiyoyi. Ya ce za a yi. Ta ce saura ɗaya, kada a ƙera makamin ƙone gari da dutsen ƙasarsu. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Ta ce, "To ka kai wa wanda bai fi ƙarfinsa ba. Mu dai ba mu yafe a kashe kowa da shi ba, kuma kowace shekara za ka gan mu a nan." An kwashe ƙarafan, an rufe rijiya biyu. Buƙata ta uku, ta makamin, har yau ba a samu ba, har yau kuma matan garin suna zuwa su zauna.

Za ku ce to ita da me ta ci abinci bayan nan? Ai na ce ku riƙe al'adar. Tukunyarta a kife take, don haka matan garin suka ce gidan Inna Cima ba a hura wuta, maƙwabta ne za su kawo. Suka raba kwanaki. Shekara goma sha ɗaya ta yi a duniya bayan wannan, ba ranar da kwano bai shiga gidanta ba.

Ranar Juma'a ta mai jegon nan ce. Farkon zuwanta ta tsaya a ƙofa ta kasa shiga, sai kuka. Inna Cima ta leƙo ta ce, "Shigo mana, ɗiyata, tuwon zai huce. Ina angon nawa?" Ta karɓi jaririn ta ɗora a cinya. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar nan ba, ko sau ɗaya.

Kuna mamakin yadda na san abin da aka faɗa a ɗakin jego? Bakin da ya faɗe shi ne yake muku wa'azi yau. Ni ce. Yaron kuma shi ne ya sauke ni a mota ɗazu, da 'ya'yansa uku, lafiya lau. Duk sanda na dube shi sai na gode wa Allah, sai na gode wa matar da na zaga.

To 'yan uwana, darasin a fili yake. Cutar da ka sani, kada ka rufe ta don cikinka, kada kuma ka tura ta gidan wani don ba ka san fuskarsa ba. Kowace a cikinmu tana da tukunyarta. Ke mai sayar da manja kin san abin da kike zubawa a ciki, ke mai kai magana tsakanin gida biyu kin san abin da kike dafawa. Kuma kada wata ta ce zancen yaƙi da makaman ƙare-dangi na manyan duniya ne, ita wace ce. In wuta ta tashi ba manyan ne ke tsince gawar yara ba, mu ne. Ki faɗi gaskiya, ki ƙi zalunci, amma kada ki bari a ɗauko fetur da sunanki. In kuma akwai wadda ta taɓa gaya miki gaskiya kika zage ta, kada ki jira Juma'a, yau ki kai mata kwano.

Allah ya ji ƙan Inna Cima, ya haskaka kabarinta, ya shayar da ita ruwan da ba guba a cikinsa. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, namu da na waɗanda ba mu taɓa gani ba. Ku ce amin da ƙarfi, don na ga wasunku sun fara laluben takalma.