Rumbun Da Bai Gama Bushewa Ba

Akwai wani manomi wanda maƙwabta suke kai wa ajiyar iri bayan girbi, domin rumbunsa na gado bai taɓa ɓata ko ƙwaya ɗaya ba. Rumbun kuwa ba shi da kyan gani. Bakinsa ɗaya ne, can a sama, sai an hau tsani.

Wata shekara wani magini ya gina masa sabo mai ɗakuna a ciki, na gero daban, na dawa daban, na wake daban, ga ƙaramar ƙofa a ƙasa. Manomin ya dinga zagayawa da mutane tsakanin rumbunan biyu, yana lissafa abin da sabon yake da shi wanda tsohon ba shi da shi. Har ya sa wa tsohon suna tukunyar kaka.

Maginin ya ce masa, "Maigida, cikinsa bai bushe ba. Ka bari ya sha rani tukuna."

Manomin ya ƙwanƙwasa bangon ta waje, ya ji shi da tauri, ya yi dariya. Ya kwashe irin mutane duka ya zuba a sabon. Sauri kuwa kan haifi nawa.

Da ruwan shuka ya sauka, wata gwauruwa mai suna Rifkatu ta zo da ƙwarya karɓar irinta. Ya buɗe ƙofar nan da yake fahariya da ita, sai wari ya buge shi. Irin ya yi fumfuna, ya dunƙule. Ya hau tsanin tsohon rumbun ya leƙa, ko da saura. Babu komai, shi da kansa ya share shi tas.

Rifkatu ta ce, "Baba, ni ban san zancen ɗakuna ba. Shekarun tsohon rumbun na duba na kawo maka irina."

Kunya ta kama shi ƙwarai, har ya kasa sauka daga tsanin.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattu: sabon rumbun ba mugu ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Mun iya ƙirga baiwar mutum, muryarsa da iya maganarsa, amma ba mu tambayar damina nawa ya jure. Haka ma masu zaɓen rumbun adana bayanai na kwamfuta sukan ruɗu da yawan abin da sabo ya iya. Kafin ka ɗora wa wani amana a ikilisiya, ka bari Ubangiji ya gama aikinsa a cikinsa. Irin da za ka zuba ba naka ba ne, na Rifkatu ne.